Wiwi a Jamus: an saki mai sha, mai sayarwa yana hannu

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau ina unguwar Kreuzberg ne a birnin Berlin, kuma wannan filin shaƙatawa da kuke gani a bayana shi ne Görlitzer Park, wanda 'yan gari ke ce wa Görli. Ba zan juya kyamara ciki sosai ba, don akwai bayin Allah da bai kamata fuskarsu ta fito ba. Abin da ya kawo ni nan tambaya ce da ta yi yawa a saƙonninku: wai da gaske ne Jamus ta halatta tabar wiwi?

Da gaske ne, amma ba yadda labarin ke isa gida ba. Majalisar dokoki ta Bundestag ta amince da dokar a watan Fabrairu na 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya yawo da giram 25 a aljihu, ya ajiye giram 50 a gida, ya shuka tushe 3 don amfanin kansa. An hana sha a gaban yara, an hana kusa da makaranta ko filin wasan yara, har tazarar mita 100. A titunan masu tafiya a ƙasa ma ba a sha daga ƙarfe 7 na safe zuwa 8 na dare.

To a ina ake saya? Nan gizo ke saƙa. Babu kanti ko ɗaya. Mutane suna ɗauka kamar Amsterdam ne ta Holan, inda kake shiga shago ka miƙa kuɗi a auna maka. Gwamnatin Olaf Scholz, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, da farko ta so buɗe shaguna masu lasisi, sai dokokin Tarayyar Turai suka tare hanya, ministan lafiya na lokacin Karl Lauterbach ya ja da baya. Abin da aka bari shi ne ƙungiyoyin noma, waɗanda aka ba dama daga 1 ga Yuli na 2024. Kowace ƙungiya ba ta wuce mutum 500, ba a kafa ta don riba, kuma sai ka yi wata 6 kana zaune a ƙasar kafin a yi maka rajista. Samun lasisinsu yana tafiyar hawainiya, musamman a jihar Bavariya, inda shugaban gwamnatin jihar Markus Söder ya tsaya kai da fata a kan adawa da dokar, har aka hana sha a bikin Oktoberfest.

Ku duba wannan lissafi da kyau. An ce wa miliyoyin mutane suna iya sha, ba a buɗe musu inda za su saya ba. Mai baranda da haƙuri zai shuka. Mai kuɗi zai shiga intanet ya cike 'yar takarda, likitan da bai taɓa ganinsa ba ya rubuta masa ita a matsayin magani, kantin magani ya aiko masa har ƙofa. Sauran fa? Nan suke zuwa, ko su kira dillali a waya. Kuma sayarwa laifi ne har gobe. Ko abokinka ka gutsura wa ka ba shi kyauta, ka karya doka.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mai saye, ɗalibi ne ko ma'aikacin ofis ko ɗan yawon buɗe ido, ya karɓi ƙullinsa ya wuce, idan 'yan sanda suka tare shi da giram 5 babu abin da za a yi masa. Wanda ya miƙa masa shi ake kamawa. Kuma da yawa daga cikin masu tsayuwa a bakin ƙofofin nan, cikin sanyi da ruwa, 'yan uwanmu ne na Afirka ta Yamma. Yara ne da suka ƙetare sahara da teku, suka nemi mafaka, wasu aka ƙi ba su, aka bar su da takardar nan da ake kira Duldung, wadda ma'anarta kawai an dakatar da korarka. Wasunsu an rubuta musu ƙarara cewa ba su da izinin aiki. Ga uwa a gida tana jiran aike, ga bashin hanya. Masu manyan kaya da ke kawo ta ba su taɓa tsayawa a wannan fili ba.

Ba wanke su nake yi ba. Ni Musulmi ne, abin da ke gusar da hankali haramun ne a wurina, majalisar wata ƙasa ba ta canza wannan. Iyayen da ke zaune a unguwar nan ma suna da gaskiya idan suka ce sun gaji, don matsalar Görli ta wuce wiwi: akwai hodar iblis da ake dafawa a zuƙa, akwai allurai a yashe kusa da inda yara ke wasa. A shekarar 2023 mutum 2,227 ne miyagun ƙwayoyi suka kashe a Jamus, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Kai Wegner, wanda ya zama magajin garin Berlin a 2023, ya dage sai an kewaye filin da shinge ana rufe shi da dare. Ni dai a ganina shinge zai tura cinikin ne zuwa lungunan da ke kewaye, inda mutane ke kwana da iyalansu.

Masu goyon bayan dokar suna cewa hani bai rage masu sha ba, kotuna ne kawai suka cika da ƙananan ƙararraki, kuma ta kasuwar bayan fage ana gauraya ta da sinadarai masu haɗari. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ni ma ban ga amfanin ɗaure yaro saboda sanda ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin Jamus kuwa ta yi adawa, tana cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wiwin zamani ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba. Dokar da kanta ta yarda da haka, tunda ta taƙaita wa 'yan 18 zuwa 21 giram 30 a wata daga ƙungiyoyin noma, mai sauƙin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin matashin da wiwi ta taɓa wa kai ya san likitocin ba surutu suke yi ba. Jam'iyyar CDU ta Friedrich Merz ta yi yaƙin zaɓe da alkawarin soke dokar, daga baya suka daidaita da jam'iyyar SPD, abokiyar kafa gwamnatinsu, a kan a fara nazarin tasirinta tukuna.

Yanzu ƙanena da ka iso kwanan nan, da kai nake. Kada wani ya ce maka ai an halatta, zo ka riƙe mini wannan na kwana biyu. Hukuncin kotu a kan sayar da kayan maye yana shiga fayil ɗinka a ofishin baƙi. Yana iya hana ka takardar zama, yana iya zama hujjar mayar da kai. Ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa, tarar kotu da ta haura kuɗin shigarka na kwana 90 ta isa ta rufe maka ƙofa. Bajamushen da ya saya a hannunka ba shi da wannan fargaba. Idan kuma kana tuƙi, tun Agustan 2024 akwai ma'aunin da aka sa a jini, ka wuce shi ka sha tara a kuma karɓe lasisi na wani lokaci.

Wanda kuma ya riga ya faɗa sha yana son fita, akwai ofisoshin ba da shawara a kusan kowane gari, Suchtberatung ake ce musu. Kyauta ne, kuma doka ta ɗora wa ma'aikatansu riƙe sirri. Idan Jamusancinka bai nuna ba, nemi wani babba a masallaci ya raka ka. A bidiyo na gaba za mu zauna a kan yadda mai Duldung zai nemi izinin aiki ko koyon sana'a, mataki-mataki. Ku tura wa wanda kuka san yana buƙata. Sai an jima.