Amsoshin Tambayoyinku: Yana Jin Yaren Kasuwa, Amma Aji Ya Gagare Shi

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako yawancinsu a kan karatu a ƙasar waje suke, shi ya sa na riƙo hannun Malam, wanda ya sha sanyin Turkiyya yana ɗalibi kafin ya dawo gida ya kama koyarwa. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga birnin Konya ta fito. Wani matashi ne ɗan Maraɗi, ya ce a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto: "Na zo nan ta hanyar musayar ɗalibai, zan yi shekara guda. Yau watana uku. A kasuwa ina ciniki, ina gaisawa da mutane, har mai shago yana yaba mini. Amma da na shiga aji malami ya buɗe baki, sai in ji kamar ana zuba ruwa a kwano. A gida ban taɓa wuce na uku ba, a nan ko tambaya ba na iya yi. Kullum da ciwon kai nake komawa ɗaki. Ƙwaƙwalwata ce ta toshe, ko in tattara in koma gida?"

Malam: Allah sarki. Ɗana, in kana jina, ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau. Yare biyu ne a gabanka, kai kuma kana tsammanin ɗaya ne. Akwai wani masani a Kanada, Jim Cummins, tun 1979 ya raba su: harshen hira daban, harshen karatu daban. Da ya duba 'ya'yan baƙin haure a makarantun Toronto, sai ya ga na hira yakan zauna a baki cikin kamar shekara biyu, amma kafin yaro ya kamo 'yan gari a harshen littafi sai ya yi shekara 5 zuwa 7. To kai watanka uku. A kasuwa tumatirin yana gabanka, kana nunawa da yatsa, kana kallon fuskar mai shago. A aji babu tumatir, kalma ce zalla.

Mai gabatarwa: Amma Malam, na ji ana cewa Turkanci yana yi wa Bahaushe sauƙi saboda Larabcin da ke ciki.

Malam: Yawwa, ka taɓo wurin. Gaskiya ne, kuma nan tarkon yake. Ranar da na sauka na ji ana cewa ders, na ce ai darasi ne. Kalem, alƙalami. Haber, labari. Zaman, zamani. Dünya, tarih, niyet, sabun, duk namu ne, daga rijiya ɗaya muka ɗebo. Shi da ya fito daga Nijar ma ya fi ni gata, don Turkawa sun kwashi kalmomin Faransanci da yawa: lise, otobüs, şoför, pantolon, asansör. Sai mutum ya saki jiki.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne, a 1928 Mustafa Kemal Atatürk ya sauya rubutunsu daga haruffan Larabci zuwa na boko, a 1932 kuma aka kafa hukumar harshe da ta shiga tsince kalmomin Larabci da Farisanci tana maye gurbinsu da na Turkanci tsantsa. A ina wannan shara ta fi ƙarfi? A makaranta. Da can ɗalibi talebe ne, malami kuma muallim, ka ga da mun ji daɗi. Yanzu öğrenci da öğretmen ake cewa. Jarrabawa da imtihan ce, ta koma sınav. Shi kansa Atatürk sai da ya zauna ya rubuta ɗan littafin lissafin siffofi, ya ƙirƙiri kalmomi irin su üçgen, wato mai kusurwa uku, da açı, kusurwa. Saboda haka tsohon da ke sayar da goro, a'a, ba su da goro, mai sayar da shayi zan ce, zai yi maka magana da kalmomin da kunnenka ya sani. Littafin aji kuwa an share maka 'yan uwanka daga ciki.

Sai kuma ginin jimlar. Mu da mun ce "ban" ka riga ka san ƙi ne ke tafe. Su aikatau a ƙarshe yake zuwa, kuma korewar a cikin cikinsa take. Gittim, na je. Gitmedim, ban je ba. Ɗan "me" ɗin nan da ke tsakiya shi ne ya juya zancen gaba ɗaya. Malamin jami'a zai jero jimla mai layi uku, kai kana riƙe da kayanta a ka kamar ɗan dako, sai a gaɓar ƙarshe za ka san an yi ko ba a yi ba. Kuma kalma ɗaya takan haɗiye abin da mu muke faɗa da uku: ev gida, evler gidaje, evlerimiz gidajenmu, evlerimizde a gidajenmu. Ka yi awa huɗu kana wannan dako, dole kai ya yi ciwo. Ni a watannin farko da na dawo daga aji ko takalmi ba na cirewa nake yin barci.

Mai gabatarwa: To mene ne magani? Don shi fa shekara ɗaya gare shi, ba bakwai ba.

Malam: Ba ya buƙatar Turkancin duniya duka, na fanninsa yake buƙata. Ya samu malamin bayan darasi, ya ce masa hocam, wato malamina, haka ake kiran kowane malami a can, ya roƙi a gaya masa babin da za a yi mako mai zuwa. Daren ranar ya karanta, ya fitar da kalmomi ashirin da suka fi maimaituwa, ya rubuta su da hannu. Washegari zai ji suna faɗowa daga bakin malami ɗaya bayan ɗaya, kamar ka hango 'yan garinku a tasha. Wannan ya fi zama da ƙamus bayan an gama darasi, lokacin an riga an sha ka.

Ya bar kujerar baya. Na san dalilin zama a can, kada a tambaye ka. Amma a gaba kana ganin leɓen malami, shi ma yana ganin fuskarka in ka ɓace. Kuma ya haddace jimla ɗaya ya riƙa faɗinta ba kunya: anlamadım hocam, ban gane ba malam. Matambayi ba ya ɓata. Ya nemi izini kafin ya ɗauki muryar malami a waya, don ba kowa ke so ba. Ya tambaya ko za a bar shi ya shiga jarrabawa da ƙamus, ko ya rubuta wani aikin da Faransanci ko Ingilishi. Wani zai yarda, wani ba zai yarda ba, amma ofishin ɗaliban ƙasashen waje don irin wannan aka buɗe shi.

Abu na ƙarshe zai yi masa ɗaci. Na san ɗakin nan. Akwai shi a kowane gari: ɗan Kano, ɗan Damagaram, ɗan Kumasi, an dafa shinkafa da wake, an zuba yajin da aka ƙullo daga gida, ana hira har asuba. Ɗakin nan rahama ne, ni ma ya riƙe ni. Amma na ga wanda ya shekara huɗu a cikinsa ya dawo da Hausar Zinder a maimakon Turkanci. A je ranar Juma'a ko Lahadi, sauran kwanakin a ci abinci da 'yan ƙasa, a bari su yi dariya. Ni na taɓa shiga shago ina son burodi, ekmek, na ce a ba ni erkek guda biyu. Erkek namiji ne. Mai shagon har ya zauna don dariya, amma daga ranar ya zama malamina na biyu, kullum sai ya tsare ni ya koya mini kalma.

Mai gabatarwa: Maza biyu kuma, Malam! To, wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kano. Ta ce ɗanta mai shekara 16 yana wata makarantar sakandare ta kwana a Turkiyya, kullum dare sai ya kira yana kuka, abinci ba ya ciyuwa, sanyi ya dame shi. Ta ce, "Mahaifinsa ya ce in ƙyale shi ya zama namiji, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. In sa a dawo da shi?"

Malam: Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, ɗa da uwa sai Allah. Kukan nan ba abin kunya ba ne, kuma ba ragwanci ba ne, a gaya wa Alhaji. Yawanci makonnin farko zumuɗi ke riƙe yaro, komai sabo, ana ta ɗaukar hoto. Sai zumuɗin ya ƙare daidai lokacin da hunturu ya shigo. A tsakiyar Turkiyya cikin Disamba gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe takwas, yaro zai yi asuba ya tafi aji cikin duhu da ƙanƙara, a ajiye masa zaitun da cuku da burodi a matsayin karin kumallo, shi da ya saba da koko da ƙosai. Ko sallah sai ya ji shi baƙo: su Hanafawa ne mu Malikawa, alwala abdest ce, sallah namaz, azumi oruç. Ba wani babban abu ba ne ɗaya, ƙananan ne suke taruwa.

Amma Hajiya, ki duba agogo. Turkiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. In kin gama shirgin gida kin kira shi ƙarfe goma, shi sha biyun dare ne a wurinsa. Ya yi awa guda yana jin muryarki da hayaniyar ƙannensa, ya kwanta da kewa, ya tashi da barci a ido, ya shiga aji bai fahimci komai ba, dare ya yi ya sake kira. Ku tsayar da rana biyu a mako, da rana, kuma ki canza tambaya. Maimakon "ka ci abinci kuwa?", ki ce ya koya miki gaisuwa ɗaya. Suna da kolay gelsin, daidai da sannu da aiki tamu. Suna da geçmiş olsun, ita ce Allah ya sawwaƙe. Yaron da ya koya wa uwarsa abu ya tashi daga mai kuka ya koma malami.

Inda zan ce kada a yi wasa: in ya wuce mako biyu ba ya barci, yana ramewa, ya daina shiga aji, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko ya ce wani yana cutar da shi, to ranar nan a kira hukumar makarantar da waɗanda suka tura shi, a kai shi wurin likita. In ta kama ya dawo, ya dawo. Ba a kansa aka fara ba.

Mai gabatarwa: Sai wani mai sauraro daga Zangon Kumasi, yana son tarihin musayar ɗalibai a taƙaice.

Malam: Yaƙi ne ya haife ta. Direbobin motocin ɗaukar majinyata na Amurka da suka yi aikin sa kai a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, su ne suka mayar da ƙungiyarsu ta AFS ta koma kawo 'yan sakandare Amurka daga 1947. A 1951 aka kai matasa 75 daga Jamus jihar Michigan suka zauna a gidajen mutane, daga nan ƙungiyar musayar ɗalibai ta YFU ta samo asali. Turai ta buɗe shirin Erasmus a 1987 da ɗalibai 3,244. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin YES a 2002, wanda ke ɗauke da sunan sanatoci Kennedy da Lugar, kuma yara daga Najeriya da Gana sun je ta cikinsa. Turkiyya ma ta yi nata ta sa masa sunan Maulana Jalaluddin Rumi, wanda kabarinsa ke Konya ɗin nan da ɗanmu yake.

Mai gabatarwa: Af, shi ɗan Maraɗin ya ƙara wani layi a ƙasan wasiƙarsa, na kusa tsallakewa. Ya ce ya tambayi abokin zamansa ko akwai darasi gobe, sai abokin ya ɗaga gira ya yi masa tsaki. Kwana uku ke nan ɗan Maraɗin ba ya yi wa abokin magana.

Malam: Subhanallahi, ya je ya ba shi haƙuri! Ba tsaki ba ne. Baturke in zai ce a'a, sai ya ɗaga haɓa da gira ya ɗan taɓa harshe a dasashi, "cık". Babu raini a ciki, yaro ma yana yi wa babansa. Amsa ya ba shi: babu darasi. Kuma tunda a Konya yake, in an gayyace shi biki kada ya ƙi zuwa. Suna yin miyar busasshiyar kuɓewa, 'yan ƙanana kamar kan yatsa, bamya suke ce mata. Ba ta da yauƙi kamar tamu, da lemon tsami suke yi, amma ranar da na fara ganinta a kwano sai da na ajiye cokali na yi shiru.

Mai gabatarwa: Babu tuwo dai, Malam.

Malam: Babu tuwo. Da burodi za ka haƙura.

Mai gabatarwa: To jama'a, agogo ya harare mu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.