Ta wace ƙofa ake shiga aikin kare daji da namunsa?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan uwa ɗalibai, ina muku barka da zuwa.

An ce in yi magana a kan mutanen da ke aikin kare namun daji da kula da ƙasa: su wane ne, me suka karanta, yaya aikinsu yake. Abin da nake so ku tafi da shi ɗaya ne. Kusan duk wanda ya yi abin kirki a wannan fage, da ilimi ɗaya ya shigo, sai aikin ya tilasta masa koyon wani daban, kuma galibi wannan na biyun ilimin zama da mutane ne.

Mu fara da Aldo Leopold, mutumin Amurka. A 1909 ya gama karatun kula da gandun daji a jami'ar Yale, aka tura shi Arizona, daga baya New Mexico. Abin da aka koya wa ma'aikata a wancan zamani shi ne, kyarkeci da damisar dutse maƙiya ne, a kashe su barewa ta yawaita. Shi ma ya yarda da haka, ya kuma ɗauki bindiga. To, a tsaunin Kaibab da ke Arizona an gwada wannan dabara sosai: aka hana farautar barewa a 1906, aka bi masu cin ta aka karkashe. Barewar ta yi yawa har ta cinye ƙananan itatuwa da ganyen da bakinta ke kaiwa, a shekarun 1920 kuma yunwa ta dinga kashe ta. Irin wannan ne ya sa Leopold ya sauya ra'ayi. A 1933 jami'ar Wisconsin ta ba shi kujerar farfesa a fannin kula da namun daji, irinta ta farko a ƙasar. Amma abin da ya fi burge ni a rayuwarsa ya zo ne a 1935, lokacin da ya sayi wata gona da noma ya riga ya tsotse ta, shi da iyalinsa suka dinga dasa itatuwa da hannunsu, wasu su mutu su sake dasawa. Farfesa ne, amma ya gane cewa mafi yawan ƙasa tana hannun manoma, kuma wanda bai taɓa gyaran gona ba, ba shi da bakin gaya wa manomi yadda zai yi. A 1948 ya rasu yana taya maƙwabcinsa kashe gobarar ciyawa.

Jane Goodall kun san sunanta. Lokacin da ta isa Gombe, a bakin tafkin Tanganyika a Tanzaniya ta yau, a 1960, ba ta da digiri ko ɗaya. Aikin sakatariya ta yi wa Louis Leakey, masanin binciken asalin ɗan adam, shi ya tura ta nazarin birai. Haƙurin zama da kallo ne jarinta, da shi ta ga birin cimfanzi yana gyara tsinke yana zaƙulo gara daga shuri. Daga baya ne ta yi digirin digirgir a Cambridge. Da ta ga tsaunukan da ke kewaye da Gombe sun zama fili fetal, a 1994 cibiyar da ta kafa ta koma aiki da ƙauyukan yankin kan noma da lafiya da ruwa.

Wadda nake so mu daɗe a kanta ita ce Dakta Gladys Kalema-Zikusoka ta Uganda. Likitar dabbobi ce, a Landan ta yi karatu, kuma a 1996 ta zama likitar namun daji ta farko a hukumar kula da namun daji ta ƙasarta. Ba ta daɗe da kama aiki ba sai ƙazuwa ta ɓulla a cikin wani garken gorila a dajin Bwindi, gashi na zubewa, har jariri ɗaya ya mutu. Aka bi diddigi, aka tarar cutar daga mutane ta fito, domin gorilolin kan fita gonakin da ke bakin daji, inda talakawa ke zaune nesa da asibiti. Ku duba inda likita ta tsinci kanta. Za ta iya yi wa dabba allura ta warke, amma muddin yaron da ke ƙauyen yana fama da ƙazuwa ko gudawa, cutar za ta dawo daji. Shi ya sa a 2003 ta kafa ƙungiya mai suna Conservation Through Public Health, wato kare namun daji ta hanyar lafiyar jama'a, wadda ke horar da mutanen ƙauye su zaga gida gida kan tsafta da lafiya da tsarin iyali. Ba don wannan ta shiga makarantar likitan dabbobi ba, aikin ne ya kai ta can.

Yanzu ga wasu da ba a cika sa su a jerin masana ba, kuma ni ina ganin wannan rashin adalci ne. A arewa maso yammacin Namibiya, farkon shekarun 1980, fari da farautar sata sun kusa ƙarar da giwa da karkanda. Garth Owen-Smith, wanda ya fara zuwa yankin a matsayin ma'aikacin gona, ya zauna da shugabannin al'ummar Himba da Herero da Damara, suka amince su zaɓi mutanensu su zama masu gadin namun daji. Wasu cikin waɗanda aka zaɓa tsofaffin mafarauta ne. Wa ya fi su sanin sawu? Wa ya fi su sanin inda karkanda ke shan ruwa da rani? Farautar ta ragu, namun suka fara dawowa, a 1996 kuma Namibiya ta yi doka da ta ba al'ummomi ikon kula da namun dajin ƙasarsu da cin moriyarsu. Yau irin waɗannan yankuna sun haura 80.

Haka Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso. Makarantar allo ya yi, ya taɓa kasuwanci, ya koma gona wajen 1980 lokacin da fari ke korar mutane. Ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ramuka da ake kira zayi, ya faɗaɗa ramukan, ya zuba taki a ciki tun da rani. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa mai tauri, ruwan sama ya samu hanyar shiga, hatsi da itatuwa suka tsiro a inda aka riga aka fid da rai. Masu digiri daga Turai suka dinga zuwa koyo a gonarsa. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, ya rasu a 2023. In wannan bawan Allah ba masanin muhalli ba ne, to ban ga wanda ya cancanci sunan ba.

Kada wani ɗalibi ya fita ya ce na ce karatu ba shi da amfani. Sam. Wanda zai shiga aikin yau yana buƙatar tushe a ilimin halittu ko gandun daji ko aikin gona ko likitan dabbobi. Sannan akwai abin da ɗalibai ke gudu, wato lissafin ƙididdiga. Ba wanda ke iya ƙirga dabbobin daji ɗaya bayan ɗaya. Ana bin layi a ƙafa ko a jirgin sama, ana ɗaure kyamara a jikin itace ta ɗauki abin da ya gifta, ana sa wa giwa abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, ana tattara kashin dabbobi a kai ɗakin gwaji. Duk wannan tarin bayani ne kawai, sai an samu wanda zai zauna gaban kwamfuta ya fitar da ma'ana, ya zana taswira, ya faɗi iyakar abin da alƙaluman suka tabbatar. Ku koyi rubutu kuma, domin rahoto da takardar neman tallafi suna cin lokacin ma'aikaci fiye da yadda kuke zato. Ku koyi harshen mutanen da za ku zauna da su.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin ji, amma wajibi ne in faɗa. Guraben aiki na dindindin kaɗan ne; da yawa kan fara da kwantiragin 'yan watanni, in tallafi ya ƙare aiki ya ƙare. Ƙungiyoyi da dama suna neman matashi ya fara da aikin sa kai ba albashi, wasu ma shi zai biya, wanda hakan ke nufin ɗan mai hali ya shiga, ɗan talakan da aka haifa a bakin dajin ya tsaya a waje. Wannan yana ci mini rai, domin shi ne wanda zai zauna bayan baƙi sun tafi. Ga kuma haɗari. A gandun Virunga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda aka kafa a 1925, an kashe masu gadi fiye da 200 a bakin aiki, shugaban gandun ma, Emmanuel de Merode, an harbe shi a 2014 Allah Ya yi da sauran kwana. Waɗannan masu gadi su ne ke tattara yawancin bayanan da mai bincike ke wallafawa, amma sau da yawa sunansu ba ya fitowa a takarda, albashinsu kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Ku da za ku zama shugabannin irin waɗannan ayyuka, ina roƙonku ku sa sunan mai bin sawu a cikin rahoto, ku tsaya a kan a ba shi inshora da takalmi da horo mai takardar shaida, a kuma buɗe masa hanyar ƙarin girma.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini hannu kan lokaci. Na tsaya nan, mai tambaya ya yi. Wassalamu alaikum.