Na kawo taraktata baje koli a Ingila, wai sai na biya kafin a kalle ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a tsakiyar fili nake, kuma ƙasar nan in ta ga dama ko a watan Yuli sai ta sa mutum neman rigar sanyi. Bari in juya kyamara ku gani. Kun ga layin nan? Tsofaffin taraktoci ne, tun daga nan har gindin itatuwan can. Ga ja, ga shuɗi, ga kore. Waccan 'yar ƙaramar mai ruwan toka, ta huɗu daga dama, ita ce tawa. Kuma a kanta ne raina yake ɓace tun jiya da yamma.

Ba zan faɗi sunan taron ba, ba zan faɗi garin ba, don waɗanda ke tsaye a ƙofa 'yan sa kai ne, ba su suka kafa dokar ba. Amma abin da ya faru kam sai na faɗa.

Jiya wajen ƙarfe biyar muka iso, ni da Baba, dattijon Baturen nan maƙwabcina da kuka sha gani a bidiyoyina, wanda ya ba ni gefen rumfarsa nake ajiye tarakta. Tafiyar awa biyu da rabi muka yi da tirela a bayanmu. Muna isa ƙofa, matar da ke riƙe da takardu ta nemo sunana, ta ɗago kai ta ce fam 15. Na ce mata ai ni ba kallo na zo ba, tarakta na kawo, ga ta nan a baya. Ta ce e, ta gani, kuɗin masu baje kaya ke nan bana. Kwana a fili kuma fam 20. Baba, tunda tikitin mutum ɗaya ake bayarwa a kan kowace tarakta, shi ma fam 10 kafin a ɗaura masa abin nan na hannu mai nuna izinin shiga. Fam 45 ke nan, ban ko kwance sarƙa ba.

Ta nuna mini inda aka rubuta, can bayan fom, da ƙananan haruffa. Gaskiyarta, yana nan. Bara dai na zo wannan fili ko sisi ba a karɓa ba, har 'yar farantin tagulla aka ba ni mai ɗauke da shekarar, irin wadda ake ba duk wanda ya kawo abu, tana nan na kafa ta a rumfa. To wanda duk zai kai tarakta taro a ƙasar nan, ya juya fom ya karanta bayansa, ko da sau goma ya taɓa zuwa.

Wani zai ce fam 45 me ye a ciki. Ni ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba. Ku dubi can, kun ga layin motocin da ke shigowa? Kowane babba a cikinsu fam 14 zai ajiye a ƙofa. Me ya zo gani? Mu ya zo gani. In yanzu duk muka ɗora kayanmu a tirela muka fice, abin da zai rage a filin nan ciyawa ce da masu soya dankali. Ni ɗan Funtuwa ne, na sha zuwa Katsina kallon hawan sallah tun ina ƙarami. Ban taɓa jin an tare mahayi an ce ya biya kuɗin wurin tsayawar dokinsa ba, bayan ya ci adon da ya ci, ya ciyar da dokin nan shekara guda. Haka makaɗi a gidan biki, liƙi ake yi masa, ba wanda ke bin sa kuɗin tabarma.

Kuma wannan dokin nawa, ba ƙaramin ci ya yi ba. Fam 1,400 na saye ta shekara uku da suka wuce, kaji na kwana a kanta, injin ya ƙame ƙam. Tayoyin baya kaɗai sun ci kusan fam 500. Fenti da hannuna na yi, sau biyu, don na farko tokar ta yi haske da yawa, Baba ya ce ba launin Ferguson ba ke nan. Hayar tirela na kwana biyu fam 110, ban da man mota. Ga inshora, wadda in ba ka da takardarta ba za a bari ko ka sauke taraktar ba. Duk wannan ban taɓa ƙorafi a kai ba, don ni na ɗora wa kaina, kuma ina so.

Bari in matso da ku kusa ku gan ta da kyau, don ba na son ɓacin rai ya hana ni nuna muku abin da na zo nunawa. Ferguson TE20 ce, ƙirar 1951. A Coventry aka ƙera irinta, a masana'antar Banner Lane, daga 1946 zuwa 1956, sama da guda 500,000. Ku dubi bayanta, waɗannan hannuwan ƙarfe uku. Biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Dabarar Harry Ferguson ce, mutumin Ireland ta Arewa. Kafin shi, tarakta jan garma take yi kamar yadda shanu ke ja, in garma ta ci karo da dutse ko saiwa, sai gaban tarakta ya ɗaga sama ta kife da direba. Mutane sun mutu a haka. Shi kuma sai ya haɗe garma da jikin tarakta, nauyin huɗar ya koma kan tayoyin baya, ƙaramar mota ta riƙa yin aikin babba. Duk tantan ɗin da ka gani yau a Kadawa ko Bakolori, leƙa bayanta, hannuwan nan uku za ka gani. Kuma irin wannan 'yar tokar guda uku Edmund Hillary, ɗan New Zealand ɗin nan da ya hau dutsen Everest, da ayarinsa suka tuƙa a kan ƙanƙara har tsakiyar kudancin duniya a watan Janairun 1958. Ita ce nake da ita a rumfa, ni da na taso ina bin bayan tantan da gudu.

Ai dalilin ke nan ma da ya sa na shiga wannan harka. Kawuna direban tantan ne tun zamanin aikin gona na Bankin Duniya da aka kawo Funtuwa a shekarun 1970. Ja ce tasa, Massey Ferguson. Kamfanin Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na Kanada a 1953, daga nan jajayen suka samo asali, wato tawa kakar tasa ce. In damina ta kusa, mutane har gida suke biyo shi da asuba, kowa na son a fara yi masa haro kafin ruwa ya zauna. Wani ya kawo goro, wani ya kawo zabi. Warin gas da ƙasar da aka kaftu, wallahi har yau in na shaƙa a nan sai in ji kamar ina bayan gidanmu.

Ga wata Massey Ferguson 135 can, ja, an goge ta kamar madubi, an kewaye ta da igiya kada yara su taɓa. Daga 1964 aka fara yin su, da injin Perkins mai silinda uku. A nan kayan tarihi ce. A wajenmu irinta tana gona, an ɗaure murfin da waya, bakanike ya yi mata dabara sau ɗari, kuma tana huɗa. Da na tura wa Kawu hotonta, kira ya yi, ya ce, "Kai ɗana, wannan lafiyayyar motar aka ajiye ana kallo? Ku turo mana ita." Da na gaya masa har biya muke yi kafin a kalla, shiru ya yi, sai can ya ce Allah ya kyauta.

Abin da ke ci mini rai kuma shi ne, mu ma da muna da abin nunawa. An harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, an harhaɗa na Fiat a Kano. Ina suke? Suna kwance a bayan sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ciyawa ta fito ta cikinsu, 'yan gwangwan na yanka su da kaɗan-kaɗan. Da za a sami wanda zai tattara ko goma ya gyara, a jera su a fili bayan girbi, na rantse tsofaffin direbobi za su zo da jikokinsu daga nesa. Ni na san Kawu zai je ko da a kan amalanke ne.

To jiya da daddare, muna zaune bakin tanti ina dafa shayi, sai ga wani daga cikin kwamitin taron ya biyo layi, don ashe ba ni kaɗai na yi magana a ƙofa ba. Mutumin kirki ne, ya zauna ya yi bayani. Ya ce hayar fili ta hau, inshorar taron ta hau, ga banɗakunan tafi-da-gidanka, ga motar asibiti da dole ta tsaya kwana biyu, ga shinge, ga masu kwashe shara. Ya ce in aka yi ruwa ranar Asabar 'yan kallo ba su zo ba, duk wannan sai an biya. Ya kawo maganar Dorset, babban taron injunan tururi da aka fara tun 1969, wanda mutane ke zuwa daga ƙasashe, amma a 2023 ba a yi shi ba saboda tsadar shiryawa. Ya kuma ce akwai masu sayen ruɓaɓɓen inji su ajiye a gaban tanti don kawai su sami kwana da shiga kyauta su da iyalinsu. Wannan na gani da idona, ba ƙarya ya yi ba.

Na saurare shi har ya gama, na zuba masa shayi. Na ce masa, ranka ya daɗe, duk na ji. Amma da kun rubuto mana kun ce taro na cikin matsi, ku taimaka, ni da kaina zan ba da fam 50, in zo in kafa shinge ranar Juma'a kyauta. Tsakanin a nemi gudummawarka da a yanka maka haraji akwai nisa. Kuma masu manyan injunan tururin can, a tarurruka da yawa gawayi ake ba su kyauta, don an san su ke jawo jama'a. Ban ce kada a ba su ba, injin nan cin gawayi yake kamar gidan burodi. Amma yaron da ya zo jiya ya hau kujerar taraktata ubansa na ɗaukar hoto, ba a bar shi ya hau injin tururi ba.

Baba bai ce uffan ba sai da mutumin ya tafi. Shekararsa 78, taraktoci uku gare shi, da fansho yake riƙe su. Ya ce yana zuwa filin nan tun kafin a haifi matar ƙofar nan, kuma baɗi ba zai zo ba. A hankali ya faɗa, yana kallon wutar risho. Wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai. Irin su Baba ne suka san yadda ake saita garmar nan da ido, ba littafi. Rabin abin da na iya a kan injin nan daga bakinsa na ji.

Wanda ke nan Birtaniya yake sha'awar shiga, ga abin da ni ya same ni. Kada ka yarda ka fito ba takardar inshora a aljihu, ka shiga ƙungiyar masu tsofaffin taraktoci ta yankinku, ta nan ya fi sauƙi. Fom kuma da wuri ake rufe karɓa, wani tun bazara ba ta shigo ba. In ka shiga fili, ba fita sai an tashi taro da yamma, ba a yarda mota ta motsa cikin jama'a, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin ƙarfe uku. Abinci ka taho da naka. Yawancin rumfunan nan naman alade ne, har gasa shi ake yi sukutum, ni dambun nama da burodi ke riƙe ni. Ka taho da takalmin roba mai tsawo da abin shimfiɗa na leda don sallah, ciyawar nan jiƙe take ko rana ta fito. Kuma ka auna nauyin tirela da na tarakta kafin ka hau hanya. Tawa ta ɗan haura tan ɗaya, ba ta da matsala, amma na ga wanda 'yan sanda suka tsayar.

Dakata, ga wani dattijo nan ya tsaya wajen tawa. Bari in sauke kyamara, ba na ɗaukar mutum sai da izininsa.

Jama'a, kun san me ya ce? Mahaifinsa a Banner Lane ya yi aiki, a layin da ake ɗaura wa tarakta akwatin giyarta. An rufe masana'antar tun farkon shekarun 2000, gidaje ne a wurin yanzu. Ya dafa murfin injin ya daɗe bai ɗauke hannu ba, ya tambaye ni wa ya yi fentin. Na ce ni. Ya ce launin ya yi daidai. Sai na gaya wa Baba wannan, ko zai sake tunani a kan baɗi.

An fara kira a lasifika, ƙarfe sha ɗaya ne zagayen taraktocinmu. Ku ga yadda ake tayar da ita. Ba makulli kaɗai ba ne, da sandar giya ake tayarwa, ka tura ta nan gefe, don kada ta taɓa tashi tana cikin giya. Da fetur take farawa, in ta yi zafi in juya wannan famfon ta koma kan mai irin kananzir. Ku saurara. Kun ji? Bugu ɗaya. Baba, riƙe mini kyamarar, ka tsaya ta wajen igiyar can inda za ka same ni in na juyo.