Tabon da ya fi Ranarmu girma

Assalamu alaikum mutanen Kano, ina gaishe ku daga birnin Potsdam na ƙasar Jamus. Yanzu na fito daga wata lacca wadda jirgin ƙasa kaɗai ya ci mini Yuro goma kafin na iso ta, kuma har yanzu mamaki bai sake ni ba, domin an nuna mana taswirar wani tauraro mai suna XX Trianguli, wanda a shekarar 1999 masani Klaus Strassmeier ya gano tabo a fuskarsa da ya fi Ranarmu gaba ɗaya girma. Abin da ya fi girgiza ni shi ne an auna zafin tabon, an samu ya gaza na kewayensa da digiri wajen 1,300, alhali tauraron ɗigon haske ne kawai ko a madubin hangen nesa.

Ina zaune sai maƙeran garinmu suka faɗo mini a rai. Tarihi ya ce maƙera ne suka fara zama a gindin Dutsen Dala, kuma har gobe maƙeri ba ya neman ma'auni. Idan ƙarfe ya yi ja ya san inda zafinsa ya kai, idan ya koma ruwan ɗorawa ya san ya ƙaru. Wallahi da wannan idon masanan nan suke aiki, kuma na ji alfahari. Fuskar Rana tana da zafin digiri kusan 5,500, tsakiyar tabonta kuwa bai wuce 4,000 ba, saboda ƙarfin maganaɗisu yana tare zafin da ke tasowa daga ciki. Shi ma tabon, wuta ce mai tsanani, hasken da ke gefensa ne ya sa yake bayyana baƙi.

A kan taurari masu nisa, sukan rarraba hasken zuwa launuka kamar bakan gizo, su nemi alamar wani sinadari da ake kira titaniyam oksayid. Sinadarin ba ya jure zafi mai yawa, don haka idan alamarsa ta fito daga tauraron da zafinsa ya fi ƙarfinsa, to daga tabo ta fito, kuma kwatanta ƙarfin alamomin yana faɗin zafin wurin. Wani lokaci kuma wata duniya ce take gilmawa ta gaban tauraron, idan ta rufe tabon sai hasken ya ɗan ɗago.

Na san hunturu ya shigo gida, hazo ya mai da Rana kamar faifai, har mutum ya ji zai iya kallonta. Ina roƙon ku, musamman ƙannena da na san za su fita neman tabo bayan wannan bidiyo, kada ku gwada, ko da baƙin tabarau ne. Ku haska hoton Rana a kan farar takarda, ku juya mata baya ku duba.