Abin da Dillali Zai Faɗa da Abin da Zai Rufe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena dattawan wannan sana'a, da ƙannena da 'ya'yana da suka shigo ta daga baya, an nemi in yi magana a kan dillancin gidaje da filaye, ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan mutanen da muke shiga tsakaninsu, domin lissafin la'ada babu wanda bai iya shi ba a cikinku.

A garin nan namu na Kano ba kasafai mutum yake sayar da gidan da yake ciki don marmari ba. Ko dai bashi ne ya taso shi, ko jinya ta cinye abin hannunsa, ko kuwa mai gidan ne ya rasu magada suka ga ba zai rabu ba sai an mai da shi kuɗi. Saboda haka dillali yana shiga gida ne a ranar da masu gidan ba su da ƙarfi, kuma kafin a kai ga sallamawa ya ji abin da maƙwabcinsu na shekara talatin bai taɓa ji ba. Wannan sirri amana ce. Idan ka raɗa wa mai saye cewa mai gidan a matse yake, gobe za a shiga da matarsa tiyata, ka miƙa masa wuƙar da zai yanka farashi da ita, alhali mutumin bai gaya maka damuwarsa don ta zama kayan ciniki ba.

Aibin gida kuwa hukuncinsa daban ne, ba a rufe shi. Hadisi ya tabbata cewa idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, ana sanya albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya sai a shafe albarkar. Duk mun san gidajen da ake fitarwa kasuwa da rani, an shafe alamar ruwa a jikin bango da sabon fenti. A farkon shigata sana'ar nan na taɓa yin shiru a kan irin wannan gida, ina ce wa kaina ai ba a tambaye ni ba. Da watan Agusta ya zo na bi ta layin, sai na tarar da mutumin da 'ya'yansa suna kwashe ruwa daga ɗaki da bokiti, katifu a jingine a katanga. Ya ɗago kai ya gaishe ni, bai ce mini komai ba, kuma har yau wannan gaisuwa tana damuna.

Haka batun takardu yake. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake da shi shi ne haƙƙin zama da amfani. Malamin firamare da ya zo maka da kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35 bai san wannan ba, kai ne ka sani. Wajibi ne ka faɗa masa ko filin awon gwamnati ne ko awon igiya, ka fahimtar da shi cewa sa hannun mai unguwa da shaidu yana tabbatar da an yi ciniki, amma bai kai matsayin takardar shaidar mallaka ba, sannan ka raka shi KANGIS, wato hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba, ko da hakan zai jinkirta la'adarka da mako biyu. Ita ma la'adar a yanka ta tun farko kowa ya ji. Wanda mai gida ya ce masa miliyan 20, ya je ya sayar 23 ya soke ukun a aljihu ba da sanin kowa ba, ya ci amanar mutum biyu a ciniki ɗaya.

Inda na fi so ku nutsu shi ne gidan gado. Wanda yake zuwa wurinka yawanci babban wa ne, yana magana da murya ɗaya kamar kowa ya amince. Ka tambaye shi 'yan'uwansa mata da suke gidajen aurensu, ka tambayi wanda yake neman kuɗi a Legas, idan kuma akwai marayu ƙanana to kada ka taɓa cinikin sai alƙali ya shiga ciki.

Akwai wani gida a Ɗorayi da na kai mai saye ba tare da na aika an sanar ba. Muka yi sallama daga soro muka shiga, muka iske matar mamacin a tsakar gida tana tankaɗe, tana cikin takaba. Mai sayen ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana nuna bango da hannu, yana cewa nan zai fasa ya fitar da shago, dalbejiyar nan kuma sarewa za a yi. Baiwar Allah ta ajiye rariyar ta ce, "Malam, Alhaji ne ya dasa ta shekarar da aka kawo ni." Rabonta a gidan tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, shi ma su biyu za su raba da abokiyar zamanta, amma ita ce ta share wannan tsakar gida kusan shekara 40.

Daga ranar na daina shiga gidan mutane sai na aika an tsayar da lokaci, kuma tun a waje nake roƙon mai saye ya riƙe duk shawarar rushewa da gyara sai mun fito. A wancan cinikin ban bari an biya ko kafin alƙalami ba sai da aka rubuta cewa Hajiya za ta cika wata huɗu da kwana goma a ɗakinta kamar yadda shari'a ta ba ta, mai sayen kuma da kansa ya ƙara mata wata biyu ta nemi inda za ta koma.

A nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa abin magana.