Jawabin Maraba da Shugabar Makarantar Sakandaren 'Yan Mata Ta Gabatar a Ziyarar Mai Girma Kwamishina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa, dagatai da masu unguwanni, Allah gafarta Malam Liman da sauran malamanmu, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu mata da suka bar aikin gida suka zo, tsofaffin ɗalibai, abokan aikina malamai, 'ya'yana ɗalibai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Ranka ya daɗe, a madadin wannan makaranta da mutanen garin nan ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka. Sannunku da hanya. Daga Dutse zuwa nan ba tafiyar wasa ba ce, musamman daga inda kwalta ta ƙare. Allah ya saka da alheri.

An umarce ni in ba da taƙaitaccen tarihin makaranta. Da yake kuma an shaida mana cewa bayan ka zagaya ajujuwa za ka tsaya ka kalli yaranmu a filin ƙwallon kwando, zan haɗa labarin biyu, domin a garin nan hanya ɗaya suka bi kafin su samu wurin zama, wato hanyar neman yardar iyaye.

Karatun mata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna koyar da matan aure addini a cikin gidajensu. Boko ne ya makara wajen isowa gare mu. Sai a 1930 aka buɗe cibiyoyin farko na koyar da 'yan mata a Kano da Katsina, su ma 'ya'yan sarakuna da na fadawa ne suka fi cin moriyarsu. 'Yar talaka a ƙauye irin namu ba ta san ƙofar aji ba sai da shirin UPE ya zo a 1976, lokacin da aka buɗe firamare kusan ko'ina aka ce kowa ya kawo ɗansa.

To, an kawo su. Amma yarinya ta gama aji shida, sai ina? Sakandaren 'yan mata a wancan lokaci ta kwana ce, kuma tana nesa. Wadda Allah ya ba ƙwaƙwalwa ƙwarai takan samu gurbi a irin makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Taura, idan mahaifinta ya amince. Yawancinsu ba sa amincewa, kuma ni ban ga laifinsu ba. Mutum ya ɗauki 'yarsa da ba ta taɓa kwana a wajen ɗakin uwarta ba, ya kai ta garin da bai san kowa ba, ba waya ba mota sai ranar kasuwa, abu ne mai nauyi.

Wannan ne ya sa dattawan gari suka ce tun da yaran ba za su je wa makaranta ba, bari makaranta ta zo musu. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, ba a kai ga ƙirƙiro Jigawa ba, wadda aka yi ranar 27 ga Agusta, 1991. An fara ne da aron ajujuwan firamare da yamma, bayan ƙananan yara sun tashi. Daga baya Hakimin wancan zamani, Allah ya jiƙansa, ya ba da gonarsa, nan inda muke zaune. Samari suka buga tubali ta hanyar gayya, mata suka zuba abin da suka samu daga adashe, aka yi rufi. Abu mafi muhimmanci da marigayin ya yi shi ne sa 'ya'yan cikinsa a ajin farko. Da mutane suka ga 'ya'yan uban ƙasa da jakar littattafai, sai bakin masu cewa makarantar 'ya'yan marasa gata ce ya mutu.

Sharaɗi ɗaya iyaye suka kafa, suka ce sai an yi katanga. Kafin a gina ofishin shugabar makaranta an riga an zagaye filin nan kaf. Ina roƙon mai girma Kwamishina ya riƙe maganar katangar nan, za ta sake fitowa.

Bayan gwamnati ta karɓi makarantar an samu ƙarin ajujuwa da malamai, kuma muna godiya. Sai dai shigo da yarinya aji ɗaya bai taɓa zama matsalarmu ba. Riƙe ta har ta zana jarrabawar ƙarshe shi ne aikin. Ranar kasuwa aji kan zama fayau saboda talla. Da kaka, idan riɗi da zoɓo suka nuna, sai a kwashe yara a tafi gona. Wasu kuma da sun shiga babbar sakandare sai maganar aure ta taso. Malamai kan ɗora wa iyaye mata laifi, ni kuwa nakan ce a yi musu adalci. Uwar da ta ɗora wa 'yarta farantin talla ba ƙin karatu take yi ba, kayan ɗaki take tarawa, domin ta san ranar biki ita za a kalla. Idan muna so yarinya ta zaɓi aji a kan kasuwa, dole makaranta ta zama wurin da ita kanta take ɗokin zuwa.

Nan ne ƙwallon kwando ya shigo. Wata baiwar Allah 'yar bautar ƙasa aka turo mana ta koyar da Turanci, ta zo da ƙwallonta a cikin kaya. Ta lura cewa da an tashi tara yaran sai su zauna gindin darbejiya, ƙanana na carafke, manya na hira. Ta je wurin mai walda a bakin tasha ya lanƙwasa mata rodi ya yi zobe, aka kafe shi a jikin tsohuwar ƙofar aji, aka ɗaure a falwaya. Sai kuma aka tarar ƙwallon ba ya tashi a kan rairayi. Iyayenmu mata na cikin gari ne suka warware wannan. Suka ce ai daɓe za a yi, irin na tsakar ɗaki. Aka kawo jar ƙasa da tsakuwa, aka jiƙa makuba, suka zo da madaɓansu suna daɓe suna waƙa har wuri ya yi tauri. Wasu daga cikinsu suna zaune a rumfar can, ina gaishe su. Filin da za ka gani yau shi ne wannan daɓen, duk bayan damina sai an sabunta shi. Tsidau kuwa ya ci mana ƙwallo ba adadi, mai facin gari ya san mu sarai.

Ba a rasa surutu ba. An ce an mayar da 'ya'yan mutane maza, an ce ana koya musu tsalle-tsalle da rashin kunya. Shugabar makaranta ta lokacin ba ta yi gardama da kowa ba. Ta dakatar da wasan, ta tafi wurin Hakimi, aka tara iyaye da malamai a ƙofar fada. Liman ya tunatar da jama'a cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, saboda haka motsa jiki ga mace ba abin ƙi ba ne, abin dubawa shi ne sutura da wurin da ake yi. A nan aka yanke ƙa'idojin da muke bi har gobe: a cikin katanga za a yi, da dogon wando da riga mai dogon hannu da kai a rufe, mace ce za ta koyar, ba 'yan kallo maza, a fara bayan La'asar, kowace yarinya ta isa gida kafin kiran Magariba.

Ranka ya daɗe, wasu kan ji waɗannan ƙa'idoji su ce ƙauyanci ne. Tarihin wasan bai goyi bayansu ba. James Naismith ya ƙirƙiro shi a 1891 a garin Springfield na Amurka. A shekarar da ta biyo baya wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa ɗalibanta a kwalejin Smith, wadda ta mata ce zalla, kuma da suka buga wasansu na farko tsakanin aji da aji a 1893 ba a bar maza sun shiga kallo ba. Batun rufe kai ma duniya ce ta biyo bayanmu. A 2014 'yan wasan Ƙatar mata sun janye daga gasar ƙasashen Asiya a Koriya ta Kudu saboda an ce sai sun cire hijabi. Sai a 2017 hukumar FIBA mai kula da wasan a duniya ta gyara dokarta ta amince a yi wasa da kai a rufe. Yau yarinyar garin nan za ta iya shiga gasar FIBA da kanta a rufe, kamar yadda mahaifinta ya yarda.

Nijeriya kuma ba baya take ba a wannan fage. Ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, ta ci kofin Afirka a 2003 da 2005, sannan ta ci sau biyar a jere, a 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. A wasannin Olamfik na Paris a 2024 ta doke Ostireliya da Kanada ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, matakin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa kafin nan. Mai horar da su, Rena Wakama, mace ce. Yaranmu sun san sunanta. Ba zan yi wa mai girma Kwamishina alkawarin cewa gobe za mu fitar da 'yar wasan ƙasa ba, ko da yake Allah ya hore mana dogayen 'yan mata, musamman na rugagen da ke kewaye da mu.

Abin da zan iya shaida a kai shi ne abin da wasan ya yi wa aji. Dokarmu ita ce wadda ta yi fashin darasi a mako ba za ta taɓa ƙwallo ba a wannan makon, kuma idan ɗaya ta yi fashi ƙungiyar ajinsu ce za ta shiga fili da giɓi. Sai ya zamana yaran ne da kansu ke bin junansu gida. Na ga yarinyar da ta tashi da asuba ta gama tallan kokonta kafin a buga ƙararrawa, don kawai kada a cire ta daga wasan ranar Alhamis. Na ga wadda ba ta iya ɗaga ido a aji, ta zama kyaftin, yanzu ita ke jagorantar muhawara. Daga cikin waɗanda suka fara wasa a kan daɓen nan akwai malamai a wannan makaranta, akwai ungozoma a asibitin gari, akwai matan aure da yawa da suka kammala kafin a ɗaura, kuma su ne yau suke kawo mana 'ya'yansu ba tare da an je roƙo ba.

Baƙo irinka ba ya zuwa a bar shi ya tafi bai ji koke ba. Babbar buƙatarmu ita ce malama mace ta ilimin motsa jiki, ta dindindin. 'Yar bautar ƙasa shekara ɗaya take yi ta tafi, kuma ba kullum ake dace da wadda ta iya wasan ba. Akwai shekarun da zoben nan ya yi tsatsa saboda babu mai koyarwa. Muna da tsofaffin ɗalibai da suke son wannan fanni. Idan aka taimaka musu suka yi karatun NCE, a Gumel ko wata kwalejin ilimi, aka dawo mana da su, to an gama da wannan matsala, domin 'yar gari ba ta neman canjin wurin aiki.

Sai fili. Cikakken filin wasa tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, zobe kuma yana sama da ƙasa da mita 3.05. Muna roƙon a zuba mana siminti a kafa sanduna biyu na ƙarfe. Idan hakan ya yi nauyi a bana, rabi ma ya ishe mu farawa, domin akwai wasan uku-uku da ake yi da zobe ɗaya a fili mai mita 15 da 11, wanda ya shiga Olamfik tun wasannin Tokyo. Ƙwallon mata mai lamba 6 ne, mu kuwa na maza muke samu a kasuwa, ya yi wa hannun yaran girma.

Katangar da na ce a riƙe, ɓangarenta na gabas ya zube a daminar da ta wuce, zana muka kafa. Iyaye sun yi mana kawaici, amma mun san alkawarin da aka yi da su. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, banɗakuna kuma sun yi kaɗan, kuma duk macen da ke wurin nan ta san abin da rashinsu ke jawo wa budurwa a wasu kwanaki na wata. A ƙarshe muna fatan a shirya gasa tsakanin makarantun 'yan mata na wannan shiyya, a yi ta da rana, da malamai mata 'yan rakiya, ta yadda wadda ta yi fice za ta iya neman shiga gasar Milo ta makarantun sakandare, tun da tana da ɓangaren mata. Mun rubuta waɗannan buƙatu, shugabar ɗalibai za ta miƙa maka.

Game da wasan yau, ƙa'idar hana maza kallo tana nan daram. Mun nemi izini na musamman daga Hakimi da Liman da ƙungiyar iyaye, suka ce manyan baƙinmu iyaye ne, su zauna su gani. Sun dai roƙi abu ɗaya, kada a ɗauki yaran bidiyo ko hoto a waya, balle a sa su a Facebook ko TikTok. Mai ɗaukar hoton ofis zai ɗauki na rukuni bayan an tashi. Ƙaramar sakandare ce za ta kara da babba, biyar-biyar, kuma mun rage wasan daga zango huɗu zuwa biyu na minti goma-goma saboda rana. Daga nan akwai ɗan abin taɓawa a ɗakin malamai, 'yan ajin koyon girki ne suka shirya.

Allah ya taimaki mai girma Kwamishina, ya yi riƙo da hannunka a aikin da aka ɗora maka, ya mayar da ku gida lafiya. Allah ya ja zamanin Hakimi. Na gode.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.