Ido Ba Ya Tantance Ruwan Sha

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ruwan tsarki shi ne wanda launinsa, ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canza ba. Wannan hukuncin alwala ne, kuma daidai ne. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki ma'aunin nan mun ɗora wa ruwan sha. Da uwa ta leƙa randa ta ga ruwa garai-garai, sai ta ɗebo a moɗa ta ba jariri.

Ku ji abin da ya faru a Tibiri, kusa da Maradi. A shekarar 1985 aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse. Ruwa fes, kowa na murna. Ashe akwai sinadarin fuloraid a cikinsa fiye da kima, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. Shekaru suna tafiya, haƙoran yara suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, wasu suka nakasa har abada. Babu wari, babu launi. Gwaji ne kaɗai ya tona asirin, bayan aikin gama ya gama.

Haka ƙwayar kwalara take. A 2021 mutane sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauci, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. To daga ina? Ruwa ba ya tsami banza. Ku duba gidajenmu: ga masai, ga rijiya, taku biyar tsakaninsu. Damina ta sauka, ƙazanta ta tsatsa ta ƙarƙashin ƙasa. Masana sun ce a bar aƙalla mita 30, amma a lungunanmu wa ke da wannan fili? Shi ya sa nake cewa maganar nan ta wuce gida ɗaya, ta mai unguwa ce da ta hukuma. Ga guga a yashe a ƙasa, ga jarkar ɗan garuwa da ba a tuna ranar da aka wanke ta ba.

Wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne rafukanmu. Dattin masana'antun jima na Kano, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara. Da wannan ruwan ake ban-ruwan latas da kabejin da muke saye, shanu kuma su sha.

Kada wani ya ce min ba za a iya ba. Dattawan nan sun san kurkunu. Ya kwantar da dubban ɗaruruwan manoma, amma da ƙyallen tacewa da hana mai ciwo shiga tafki, a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi.

Sai dai ƙyalle kaɗai bai isa ya tare kwalara ba, alif ma laka kawai yake kwantarwa. A tafasa ruwa ko a sa masa kulorin, a rufe randa. Fuloraid kuwa ko an tafasa yana nan, don haka duk wanda ya zo zai haƙa muku burtsatse, ku ce ya nuna muku takardar gwajin ruwan kafin ku sha.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.